Yadda Ake Farfaɗo da Gwiwa Bayan Tiyatar Sauya Ta

A tiyatar sauya gwiwa, likitan ƙashi yana kankare guringuntsin da ya lalace a bakin ƙashin cinya da na ƙwauri, ya ɗora ƙarfe da roba mai ƙwari a madadinsa. Aikin da ya rage na mara lafiya ne da likitan fisiyo (mai koyar da atisayen farfaɗo da gaɓoɓi), kuma mafi muhimmancinsa yana cikin makonni 6 zuwa 12 na farko, domin a lokacin ne tabon ciki yake haɗuwa. Idan aka bar gwiwar ba motsi, tabon zai yi tauri ya ɗaure ta, har ta kai wani lokaci sai an sake sa mutum barci an lanƙwasa ta da ƙarfi.

Shi ya sa ake tayar da mutum ya taka ƙafar tun ranar tiyata ko washegari, yana riƙe da abin dogarawa mai ƙafa huɗu. Tun yana kwance ma zai riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa sau da yawa cikin yini, saboda jini ya riƙa gudana kada ya daskare a jijiyoyin ƙafa.

Hankalin mutane yakan tafi kan lanƙwasa gwiwa, amma a ganina miƙe ta sarai shi ne abin da ya fi cancantar kulawa a kwanakin farko, domin gwiwar da ta warke da 'yar lanƙwasa tana jawo ɗingishi da saurin gajiya, kuma gyaranta daga baya yana da wuya. Don haka kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa lokacin kwanciya, duk da cewa hakan ya fi daɗi. A naɗe tawul a ɗora diddige a kai, a bar gwiwar ta sauka da nauyin kanta na 'yan mintuna. Sannan a matse tsokar gaban cinya ta yi tauri, a danna bayan gwiwa zuwa katifa, a riƙe na daƙiƙa 5 a saki, a maimaita kamar sau 10. Idan tsokar ta fara amsawa, sai a ƙara da ɗaga ƙafar gaba ɗaya a miƙe, a sauke ta a hankali.

Wajen lanƙwasawa kuwa, a kwanta rigingine a riƙa jawo diddige zuwa ga jiki, ko a zauna a kujera a ja ƙafar baya har a ji ta ɗame. Akan so lanƙwasar gwiwar ta kai digiri 90 cikin makonni biyu ko kusa da haka, wanda shi ne gwargwadon abin da zama da tashi daga kujera suke bukata, sannan a nufi 110 zuwa 120 a watanni uku na farko. Atisaye kaɗan sau biyu ko uku a yini ya fi a tara shi a zama ɗaya mai tsanani.

Ciwo ne yake hana yawancin mutane ci gaba, kuma dauriya ba ta da amfani a nan. A sha maganin rage raɗaɗi yadda likita ya tsara, a daidaita shi ya faɗo kamar rabin sa'a kafin atisaye. Bayan an gama, a ɗaga ƙafar sama da saitin zuciya, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle na minti 15 zuwa 20. Jin ɗamewa lokacin motsi abu ne da ake tsammani, amma idan kumburi da ciwo suka ƙaru har washegari, alama ce an wuce gona da iri, sai a sassauta ba tare da an daina ba.

Idan aka koma sanda ɗaya, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren tiyatar ba. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce take fara hawa, wadda aka yi wa aiki kuma ita take fara sauka.

Akwai alamomin da ba a jira da su: ciwo da kumburi a sharaɓa, zazzaɓin da ya kai digiri 38, jan da yake yaɗuwa ko mugunya a wurin ɗinki. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa, asibiti za a nufa nan take, domin mai yiwuwa gudan jini ne ya isa huhu.

Kumburi yana iya ɗaukar watanni 3 zuwa 6, cikakkiyar warkewa kuma har shekara guda. 'Yar ƙarar da sabuwar gwiwa take yi da rashin jin taɓi a fatar gefen tabo na waje ba abin tsoro ba ne. Tuƙi yakan dawo wajen mako na 6 da izinin likita, daga nan tafiya a ƙasa da keke da ninƙaya su ne suka dace, a bar gudu da tsalle saboda suna saurin cinye robar.