Yadda ake tsare manhajojin shiga kwamfuta daga nesa a kamfani

A ƙarshen watan Afrilun 2021, masu kutse suka shiga na'urorin Colonial Pipeline, kamfanin bututun mai na Amurka, ta wani tsohon asusun VPN (amintacciyar hanyar shiga kwamfutocin kamfani daga waje) da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba. Kalmar sirri kaɗai ta ishe su. A watan Mayu, kamfanin ya tsayar da bututun mai na kwanaki, ya kuma biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ga abin da mai kula da kwamfutocin kamfani zai yi don kada irin haka ta faɗa masa.

Fara da ƙirga ƙofofin. Bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta duk manhajar da ke ba mutum damar shigowa daga nesa: TeamViewer, AnyDesk, RDP (hanyar shiga daga nesa da ke zuwa da Windows), VPN. A nan wahalar take, kada ka yi gaggawa. Sau da yawa za ka tarar mai gyaran da ya zo sa manhajar lissafi ya bar AnyDesk a kwamfutar akanta, an saita ta yadda za a shiga ba sai wani ya amince ba, kalmar sirrin kuma tana rubuce a 'yar takarda manne a gefen allo. Zaɓi manhaja ɗaya da kamfani ya yarda da ita, ka cire sauran, sannan ka ƙwace wa ma'aikata ikon sa manhaja da kansu. Za su yi ƙorafi, ka daure.

Daga nan ka duba katangar tsaron intanet ɗinku. RDP yana aiki ta tashar 3389, kuma masu kutse na laluben wannan tasha dare da rana. Toshe ta daga waje. Mai son shiga ya bi ta VPN tukuna. Sauya lambar tashar ba maganin komai ba ne, cikin ɗan lokaci za a gano ta.

Mataki na uku shi ne wanda aka rasa a asusun Colonial: tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida, kamar lamba daga waya. A sa wa kowa, har shugaban kamfani. Na fi son manhaja irin su Microsoft Authenticator a kan lambar da ake turowa ta tes, domin ɓarayi kan yi dabara a mayar da layin mutum kan wani sabon katin SIM.

Kowa da asusunsa, ban da na taraiya. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ranar za a rufe nasa. Ɗan kwangila kuwa a buɗe masa lokacin aiki kawai, kan kwamfutar da zai gyara kawai.

Sabunta manhajoji da zarar gyara ya fito. A 2019, wata kafar tsaro mai suna BlueKeep da aka gano a RDP ta yi muni har Microsoft ya fitar da gyara ga Windows XP, wadda ya daɗe da daina kula da ita.

Sai kuma rajistar shiga. Kunna ta, kuma ka riƙa karantawa duk mako. Idan ka ga asusun akanta ya shigo ƙarfe uku na dare daga wata ƙasa, rufe asusun nan take, ka cire kwamfutar daga layi, sannan ka kira mai asusun ka tambaye shi.