Darasi na 7: Gonar alkama da taki

A ƙasar Ingila akwai wata gona mai suna Broadbalk, a tashar binciken noma ta Rothamsted. Tun shekarar 1843 ake shuka alkama a cikinta, har yau ba a daina ba. Mutum biyu ne suka fara aikin, John Lawes da Henry Gilbert. Sun raba gonar kashi-kashi. Wani kashi ba a sa masa komai. Wani takin zamani kaɗai. Wani kuma takin dabbobi, tan 35 a kowace hekta, duk shekara.

Kashin da ba ya samun taki yana ba da kimanin tan 1 a hekta, wato buhu 10 masu kilo 100. Inda aka sa takin zamani cikakke, amfanin ya ninka sau da yawa, ya yi kafaɗa da kafaɗa da na takin dabbobi.

Amma a cikin ƙasar aka ga bambanci. Inda ake zuba takin dabbobi, ruɓaɓɓen abincin ƙasa ya ninka fiye da sau biyu. Irin wannan ƙasa ka san ta, malam manomi. Ka ɗebo ta a hannu ka dunƙula: baƙa ce, da laushi, da danshi, ga tana a ciki. Tana riƙe ruwa, garma tana shiga ba wuya. Inda aka daɗe ana zuba takin amoniya kuwa, wato wani nau'in takin zamani, ƙasa ta yi tsami, sai da aka riƙa zuba farar ƙasa don a gyara ta. Amfani mafi yawa ya fito ne daga inda aka haɗa takin dabbobi da na zamani.

Gaskiya tan 35 ya fi ƙarfin yawancinmu. Amalanke nawa ke nan! Amma kada wannan ya kashe maka gwiwa. Idan kana noman alkama da rani, a Kadawa ko a Haɗeja, ka tara kashin shanu da na awaki da sharar turke. Ka bari ya ruɓe sosai, ka baza shi kafin huɗa. Sannan ka sa kamfa lokacin shuka, yuriya kuma ta biyo baya idan alkama ta fara fitar da 'ya'ya daga gindi.

Aikin gida: Ka ɗebo ƙasa daga bakin turke da kuma tsakiyar gonarka. Ka zuba wa kowacce ruwa kofi ɗaya. Wacce ta riga bushewa? Ka rubuta amsar ka zo da ita aji.