Darasi: Bidiyon Intanet da Ƙarfen Gyaran Haƙori

Ƙarfen gyaran haƙori wasu ƙananan ƙarafa ne da likita yake manna wa haƙora, sannan ya ratsa siririyar waya ta cikinsu, wadda za ta riƙa jan haƙoran a hankali har su jeru. Abin da ke sa haƙori ya matsa shi ne, ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwarsa yana zaizayewa kaɗan-kaɗan a gefen da aka danna, yana kuma sake ginuwa a ɗaya gefen. Aikin yakan ɗauki shekara 1 zuwa 2, wani lokaci ya zarce haka, kuma ana komawa wurin likita bayan kowane mako 4 zuwa 8 domin ya duba.

Yawancin bidiyon da ake gani a YouTube da TikTok ba sa nuna wannan dogon lokaci. Sukan nuna karkatattun haƙora, nan take kuma su nuna su a jere, ba tare da an ambaci ciwon kwanakin farko ba, ko wahalar wanke baki, ko abin riƙe haƙora da ake sawa bayan an cire ƙarfen don kada su koma yadda suke. Ku sani cewa waɗannan manhajoji suna tura wa mutane bidiyon da aka fi kallo ne, kuma yawan masu kallo ba shaida ba ce ta ingancin bayani.

Mafi haɗari su ne masu koya wa mutum ya yi gyaran da kansa a gida, musamman ɗaure haƙoran gaba da ƙaramar roba domin rufe wushirya, wadda mu ma a wurinmu ado ce. Robar takan zame ta shige ƙarƙashin dasashi inda ido ba ya ganinta, ta ci gaba da bin saiwa tana lalata ƙashi, har haƙoran su fara girgiɗi su faɗi. Haka kuma ƙarfen kwalliya da wanda ba likita ba yake mannawa yana iya motsa haƙoran da lafiyarsu ƙalau. A Amurka, kamfanin SmileDirectClub, wanda ya yi ta talla a intanet yana aika wa mutane robar gyaran haƙori, irin wadda ake kifa wa haƙora a maimakon ƙarfe, har gida, ya rufe a watan Disamba na 2023, ya bar mutane da yawa gyaran haƙoransu bai kammala ba.

Akwai bidiyo masu amfani, kamar waɗanda ke nuna yadda ake goge tsakanin ƙarafan da buroshi. Kafin ku yarda da ɗaya, ku duba ko mai maganar ya faɗi sunansa da asibitin da yake aiki, ko yana sayar da wani kaya, ko kuma ya ambaci illa tare da amfani. Amma ko da ƙwararren likita ne, bai ga bakinku ba, bai kuma ɗauki hoton ƙashinku ba, alhali wanda dasashinsa ke jini ko haƙorinsa ya ruɓe sai an fara yi masa magani kafin a sa ƙarfe.

Idan wani bidiyo ya ja hankalinku, ku ajiye shi a wayarku, ku rubuta tambayoyinku a takarda, ku kai wa likitan haƙori mai rajista, kamar waɗanda ke sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ku tambaye shi tsawon lokacin aikin da jimillar kuɗinsa tun kafin a fara.