Ga Wanda Aka Sauke a Lom

Ɗan'uwa, idan takardar zamanka a Norwe ta fito ka ga an rubuta Lom, kada gabanka ya faɗi don ba Oslo ba ce. Ƙaramar hukuma ce a lardin Innlandet, mutanenta wajen 2,200, amma faɗin ƙasarta ya kusa murabba'in kilomita 2,000, yawanci duwatsu da ƙanƙara. Jirgin ƙasa ba ya isa can. A Otta za ka sauka, ka hau bas tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka zuwa Fossbergom, inda ofishin hukuma da shaguna suke, kogin Bøvra ya ratsa tsakiyar garin.

Fara da sanin sunan. A tsohon harshensu, "ló" fili ne mai ciyawa a gefen ruwa, abin da mu za mu kira fadama. Jam'insa Lóar, shi kuwa Lóm shi ne yadda ake faɗa in ana nufin "a fadamu". Ka ga ashe garin manoma da makiyaya aka kawo ka. A 1838 ya zama hukuma, a 1866 aka yanke masa Skjåk, amma zaman mutane ya girmi wannan nesa ba kusa ba: cocin katakon da ke bakin gari tun wajen 1158 yake tsaye.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a tarihin Lom shi ne ruwa. Za ka ɗaga kai ka ga ƙanƙara a kan tsaunuka, ka zaci ƙasar a jiƙe take. Ina! Tsaunukan Jotunheimen, har da Galdhøpiggen mai tsayin mita 2,469, wanda babu kamarsa a duk Norwe, suna tare hadarin da ke tasowa daga teku ta yamma. Sai kwarin ya zama ɗaya daga cikin wurare mafi fari a ƙasar. A maƙwabciyarsu Skjåk akwai inda ruwan shekara bai kai milimita 300 ba, Kano ta ninka shi fiye da sau biyu. To da me suka rayu? Kakanninsu suka hau dutse suka haƙa magudanai masu tsawon kilomitoci, inda ba ya haƙuwa suka sa kwararo na itace, suka janyo narkakkiyar ƙanƙara har gona. Daga nan mutum ya riƙa watsa ruwan kan shuka da wani shebur na katako da suke kira skjeltreko. Shi ne guda uku a tambarin hukumar tun 1987. Wanda ya taɓa ban ruwa a noman rani ya san ciwon bayan da ke cikin wannan aiki. In ka zauna da dattijo, tambaye shi zancen magudanan nan, ka faɗa masa yadda ake yi a fadamarku. Mutanen kwarin ba masu yawan magana ba ne da baƙo, amma wannan hira tana buɗe baki.

Sai harshe. A Lom da Nynorsk ake rubutu, ɗaya daga cikin salo biyu na rubuta harshen Norwe, inda "jeg" (ni) na ɗaya salon ya koma "eg", "ikke" (ba) ya koma "ikkje", bakin mutanen gari kuma ya sake bambanta da na littafi. Ka ce a maimaita maka, ba abin kunya ba ne. In an kira dugnad, gayya ce, ka fita da safar hannunka ko da ba ka san kowa ba.

Hunturu kuma ka shirya masa tun Oktoba: kayan ulu a jikin fata, takalmi mai ƙusoshi saboda santsi, da abin ƙyalli a riga don direbobi su hango ka, domin a Disamba wunin bai kai awa 6 ba. Hanya mai lamba 55 da ke haye Sognefjellet, a tsayin mita 1,434, rufe ta ake yi har bazara, don haka kada ka yi lissafin tafiya yankin Sogn da ke bayan tsaunin ta nan kafin ka duba ko an buɗe.