Yadda na gyara gwajin PCR na ciwon huhun shanu

An kawo mana ruwan ƙirjin wata saniya daga Tawa zuwa labo a Yamai. Alamun Mycoplasma mycoides, ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon huhun shanu, sun bayyana ƙarara, amma sau biyu PCR, gwajin da ke kwafar ADN (sinadarin gado) na ƙwayar cuta har a iya gano shi, bai nuna komai ba. Abin ya hana ni barci, don garken makiyayi ne a kan siratsi.

Sai na lura ruwan ya yi ja. Jini yana danne enzim ɗin Taq, mai kwafar ADN. Na zuba ADN ɗin da muka tabbatar na ƙwayar cutar ne a cikin samfurin, shi ma gwajin bai nuna shi ba. Nan na gane jinin ne ke hana gwajin aiki.

Na sirka kashi 1 na samfurin da ruwa mai tsabta kashi 9, na sake gwadawa. Layin da ke nuna akwai ƙwayar cutar ya fito a kan jel, inda ake ganin sakamakon gwajin.