Kwarjini a takarda: yadda nake zana mace mai iko da fentin ruwa

Yawancin aikin da ake kawo mini hoton mata ne, kuma kusan duk mai kawowa kalma ɗaya yake nanatawa: a fito masa da kwarjini. 'Ya tana so a zana uwarta da ta yi shekara talatin tana sayar da atamfa a Kantin Kwari, ma'aikata sun haɗa kuɗi za su karrama shugabarsu da ta yi ritaya, wani kuma matarsa yake so ya gani a zaune kamar Daurama a kan gadon mulki. Kyau ba ya ba ni wahala. Kwarjini ne aikin, domin ba ya cikin gwal ko tsadar leshi. Yana cikin inda ka ajiye idonka lokacin da kake kallon matar, da yadda ta ɗora hannunta, da inda haske ya faɗa mata. Fentin ruwa kuwa ba ya yafiya, abin da ka shafa ya zauna, don haka duk waɗannan sai ka yanke su tun takarda tana busasshiya.

Magana ta farko da mai aiki ake yin ta, tun ba a ɗauki fensir ba. Ina tambayar girman da ake so, A4 ko A3, mutum nawa ne a ciki, da ranar da ake bukata. Ina karɓar rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, sauran kuma ranar da aka ga aikin ya kammala. Gyara sau biyu nake yarda da shi, kuma a matakin fensir kawai. Ina faɗin wannan a rubuce ta WhatsApp, saboda ranar da fenti ya hau takarda ba mai iya matsar da hanci ko sauya ɗaurin ɗankwali. Ina kuma tambaya ko a gidan ana da damuwa da zana fuska, don akwai waɗanda suka fi so a ɗauki matar daga gefe ko daga baya, mayafi ya rufe rabin fuskar, kuma hakan yana yin kyau ƙwarai idan an san da shi tun farko.

Akwai tambayar da ba na tsallakewa: ita wadda za a zana ta sani? Ta intanet mutane kan turo buƙatu iri-iri, musamman daga ƙasashen waje, wani yana son mace riƙe da bulala namiji durƙushe a gabanta, sai ya haɗo da hoton wata ya ce a sa fuskarta. Ba na ɗora fuskar kowa a wani yanayi sai na ji daga bakinta, kuma ba na zana tsiraici ko nawa za a biya. Hoton da ka zana zai fi ka daɗewa, zai shiga wayoyin da ba ka sani ba, kuma mutuncin da zai zube na matar ne. Idan kyautar ba-zata ce daga 'ya zuwa uwa, wannan daban, ana gane shi daga irin zaman da aka nema.

Sai hoton da za a yi aiki da shi. A nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. An turo mini hoton wata Hajiya da aka ɗauka a wajen biki, wayar ta wanke mata fuska ta yi fari fes, ba gurbin ido, ba layin da ke gefen baki. Na bi hoton yadda yake. Da 'yarta ta kai mata, sai Hajiyar ta kira ni da kanta.

"'Yata, aikinki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma wannan yarinyar ba ni ba ce."

"Ranki ya daɗe, a ba ni dama in zo in gan ki, in sake."

Na je na same ta a shago, baƙa ce mai sheƙi, tana da wata 'yar tsaga a kumatu, kuma idan tana sauraron mutum takan ɗan kwantar da kai gefe ta kafe shi da ido. Duk kwarjininta yana cikin abubuwan da wayar ta goge. Tun daga ranar nake neman hoto uku zuwa biyar, waɗanda ba a taɓa su da komai ba, a ɗauka kusa da taga ko a inuwar bishiya da hantsi, hasken ya zo daga gefe ɗaya. Idan matar tana gari ɗaya da ni, zuwa nake yi in ɗauka da kaina.

Lokacin ɗaukar, ka sauke kanka ƙasa. Idan tana zaune a kujera, kai ka zauna a tabarma, wayar ta kasance daidai ƙirjinta ko ƙasa kaɗan. Wanda aka kalla daga sama yana ƙanƙancewa, wanda aka kalla daga ƙasa yana cika takarda, shi ya sa ake ɗora sarki a kan karaga fadawa suna ƙasa. Amma kaɗan ake so, idan ka yi ƙasa da yawa ƙofofin hanci za su cinye hoton. Kafaɗu su buɗe, haɓa ta tsaya daidai, kada ta ɗaga ta sama, domin ɗaga haɓa girman kai yake nunawa, wanda ba shi ne kwarjini ba. Ba na neman murmushi mai haƙora. Nakan ja ta da hira kan abin da ta ƙware a kai, farashin shadda ko tarbiyyar jikoki, in ɗauka a daidai lokacin da ta gama magana tana jiran amsata.

Hannu kuwa rabin hoton ne, kuma shi ne abin da masu koyo suke ɓoyewa a cikin mayafi don yana da wuya. Kada ka ɓoye shi. Hannu ɗaya a shimfiɗe a kan hannun kujera, yatsu a sake, ɗayan riƙe da abin da ya dace da ita: carbi, makullan shago, alƙalami, maficin kaba. Hannun da aka dunƙule a cinya yana nuna jiran umarni, wanda ya bazu ya mallaki wurinsa yana nuna mai bayarwa. Idan akwai lalle, sai a ƙarshe ake sa shi, bayan fatar ta bushe sarai.

Kayan aiki ba su da yawa, amma takarda ba a yi mata rowa. Ka nemi mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, ta auduga zalla idan da hali, irin Arches ta Faransa ko Fabriano Artistico ta Italiya. Takardar da ba ta auduga ba tana yin aikin gwaji, sai dai idan ka shafa launi sau huɗu ko biyar a wuri ɗaya takan fara saɓulewa, ita kuwa baƙar fata sai da shafe-shafe da yawa. Akwai mai santsi, akwai mai ɗan kaushi. Don fuska ƙarama a A4 na fi son mai santsi, don A3 mai ɗan kaushi, saboda tana riƙe ruwa ta ba ka lokaci. Nakan jiƙa takardar minti biyar, in shimfiɗa a kan allon katako, in manne gefunan da tef mai ƙaro, in bar ta ta kwana. Haka ba za ta kumbura ta yi tudu da kwari ba.

Fenti, Cotman na kamfanin Winsor & Newton ya isa mai farawa. Buroshi uku: mai tsini lamba 10 ko 12, ƙarami lamba 2 ko 3, da mai faɗi don bango. Kofin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya mai tsabta, farin farantin tangaran don haɗa launi, da tsumma. Abin da ke riƙe garin launi a jikin takarda a wannan fenti ƙaro ne, shi dai wanda ake tsinka a jikin dakwara a Jigawa da Yobe da Barno da Chadi da Sudan, wanda malamai ke sawa a tawadar allo. Duk wanda ya taɓa wanke allo ya san halin ƙaro: ruwa na taɓa shi yake narkewa. Shi ya sa idan ka koma da jiƙaƙƙen buroshi kana dirzar wurin da ya bushe, launin ƙasa zai tashi ya cakuɗe da na sama.

Zanen fensir ina yin sa a wata takarda ta daban, in tura a amince, sannan in kwafe shi a kan takardar gaske da layi mara nauyi. Yawan gogewa yana kashe fuskar takarda, wurin ya riƙa shan fenti ya yi dabbare-dabbare.

Yanzu fata, inda na fi daɗewa. Baƙin fenti ba ya shiga fatar baƙin mutum, yana mayar da ita kamar toka. Launi huɗu nake aiki da su, kuma ga sunayensu yadda za ka gani a jikin bututun: Yellow Ochre mai kalar ƙasa-ƙasa rawaya, Burnt Sienna mai kalar jan birji, Permanent Rose ja mai sanyi, da French Ultramarine shuɗi. Shafin farko ruwa-ruwa ne, rawayar da ɗan ja, a rufe fuska da wuya da hannu gaba ɗaya, a bar farar takarda a wuraren da fata ke sheƙi: doron hanci, saman kumatu, tsakiyar goshi, leɓen ƙasa. Wannan farin shi ne haskenka, ba wani farin fenti da zai maye gurbinsa. A bari ya bushe har idan ka ɗora bayan yatsa ba ka ji sanyi ba. Shafi na biyu jan birjin ne, a ɓangaren da ba ya fuskantar taga. Na uku jan birji da shuɗi a haɗe, wanda ke ba da ruwan ƙasa mai zurfi, a gurbin ido, ƙarƙashin hanci, ƙarƙashin haɓa, da inuwar da ɗankwali ya jefa a goshi. Ga mace baƙa sosai nakan kai shafi shida ko bakwai, kowanne siriri, kowanne sai na ƙasa ya bushe. A wurin sheƙi kuma nakan ɗan taɓa shuɗi mai ruwa sosai, domin baƙar fata tana ɗaukar launin sama. Ka tuna fentin yana yin haske idan ya bushe, abin da ka ga ya yi duhu yana jiƙe zai koma daidai.

Gefen kowane shafi sai an tausasa shi. Ina riƙe buroshi biyu a hannu ɗaya, ɗaya da launi, ɗaya da ruwa zalla wanda na matse a tsumma. Ina ajiye launin, nan take in bi bakinsa da na ruwan. Da hunturu wannan tsere ne, iska tana busar da shafi kafin ka ɗago, sai ka ga layi ya fito a tsakiyar kumatu. A lokacin nakan yi aiki da asuba, tagogi a rufe saboda ƙura, in fara jiƙa wurin da ruwa zalla kafin launi. Da damina akasin haka ne, shafi ɗaya yakan ɗauki rabin sa'a, kuma mai gaggawa zai ɗora na biyu a kan danshi ya sami taɓo mai kama da farin kabeji. Haƙuri ko na'urar busar da gashi daga nesa.

Ido nake bari kusan ƙarshe, da ƙaramin buroshi. Farin ido ba fari ba ne, yana da ɗan toka-toka, kuma fatar ido ta sama tana jefa masa inuwa. Idan ka bar shi fari tas matar za ta yi kama da wadda ta firgita. Ka sa fatar ido ta sama ta ɗan rufe saman ƙwayar, ka bar ɗigon haske ɗaya tak a ɓangaren taga. Wannan ɗan saukowar fatar ido ita ce kallon Hajiyar nan ta shago, kallon wadda ba ta gaggawar amsa kowa.

Tufafi ba na bin su zare-zare. Idan ka zana kowane furen atamfa, idon mai kallo zai bar fuska ya tafi yawo. Nakan fito da adon sosai a kafaɗa da ɗaurin kai, in bar shi ya narke yayin da yake gangarowa ƙasa. Babban ɗauri yana ƙara tsawo, mayafi mai nauyi da ya zubo daga kafaɗa zuwa ƙasa yana ba jiki faɗi daga ƙasa kamar dutse. Bango kuma launi ɗaya, duhu a gefen da fuska ke da haske. Shuɗi mai zurfi irin na rinin Ƙofar Mata yana zama da baƙar fata fiye da kowane launi da na gwada.

Idan an gama ina barin aikin ya kwana a jingine, in dube shi da safe ta madubi, domin madubi yana tona karkacewar ido ko baki da idona ya saba da ita. Sai in sa hannu, in yanke tef, in ɗauki hotonsa a inuwa in tura. Wajen sa firam ka gaya wa mai yin sa ya sa kwali mai taga tsakanin takarda da gilashi, kada su haɗu, in ba haka ba danshin damina zai manne su. Kuma ina rubuta wa mai aikin a bayan firam ɗin cewa a rataye shi a bangon da rana ba ta bugawa, nesa da kicin da turaren wuta.