Yadda Ake Ɗaukar Lauya a Shari'ar Rabuwar Aure da Riƙon 'Ya'ya

A ƙasar Hausa namiji yakan yi saki ba tare da ya taka ƙofar kotu ba, shi ya sa mace ce ta fi buƙatar lauya, kuma da ita nake magana a nan.

Kafin ki nemi kowane lauya, ki fara tantance irin auren da aka ɗaura, domin shi ne zai nuna kotun da ke da hurumi. Auren da aka ɗaura bisa tsarin Musulunci, da waliyyi da shaidu da sadaki, kotun shari'ar Musulunci ce ke sauraron ƙararsa, a kan mazhabar Malikiyya. Auren rajista kuwa dokar rabuwar aure ta Nijeriya ta 1970 ce ke tafiyar da shi, kuma babbar kotun jiha ko ta Abuja ce kaɗai ke iya raba shi. A ƙa'ida ma ba a shigar da ƙarar kafin auren ya cika shekara 2 sai da izinin kotu. Wannan bambanci yana da nauyi ƙwarai, domin akwai lauyan da ya ƙware a shari'ar filaye da kwangila amma bai san bambancin khul'i da fasakhi ba, alhali a khul'i mace ce ke fansar kanta, galibi ta mayar da sadaki, a fasakhi kuwa alƙali ne ke raba auren saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, ba tare da ta mayar da komai ba. Lauyan da bai iya rarrabe su ba zai iya sa ki biya abin da bai hau kanki ba.

Na biyu, ki tabbatar lauya ne na gaske. Sunan duk lauyan Nijeriya yana cikin kundin Kotun Ƙoli da ke Abuja, kuma takardunsa na ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya. Ki guji masu tare mutane a harabar kotu suna cewa sun san alƙali.

Ranar ganawa ta farko, ki tafi da ɗan'uwanki ko waliyyinki, ki riƙe takardar saki in an ba ki, da takardun haihuwar yara, da rasit na makaranta da na asibiti, da saƙonnin waya, da sunayen waɗanda za su iya ba da shaida. Ki faɗa masa gaskiya duka, har da wadda ba ta yi miki daɗi, kamar yajin da kika yi ko maganar da kika furta cikin fushi. Gara ya ji daga bakinki a ofishinsa da ya ji ta daga bakin abokin shari'a a gaban alƙali.

Sannan ki gwada shi da tambaya a kan riƙon yara. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, da 'ya mace har ta yi aure ta tare, in kuma uwar ta auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙo yakan koma hannun kakarsu ta wajen uwa. Ciyarwa da tufatarwa da magani kuwa suna wuyan uba ko a hannun wa yaran suke. Lauyan da ya yi miki wannan bayani dalla-dalla, ya kuma tambaye ki ko an gwada sulhu tsakanin iyayen ɓangarorin biyu, na fi natsuwa da shi fiye da wanda ya buga ƙirji ya yi alƙawarin nasara.

Maganar kuɗi a rubuta ta: nawa ne kuɗin aiki, ko akwai na mota a kowane zama, ko ɗaukaka ƙara na ciki. Ki karɓi rasit kan duk abin da kika biya. In babu hali, Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimaka wa marasa ƙarfi kyauta.

Kafin a yanke hukunci, ki sa lauya ya nemi a ambaci adadin kuɗin ciyarwa na wata-wata, da wanda zai biya kuɗin makaranta, da ranakun da uba zai riƙa ganin 'ya'yansa. Bayan hukunci, ki karɓi kwafinsa mai hatimin kotu daga hannun magatakarda, ki adana, domin da shi za ki koma kotu ranar da aka daina biya.